Shin Kwamfuta Na Iya Gano Maganin Cutar Daji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai karatun harhaɗa magunguna, kuma ina yawan jin ana cewa yanzu kwamfuta ce ke gano sababbin magungunan cutar daji. Ta yaya na'urar da ba ta taɓa ganin majinyaci ba za ta san abin da zai yi masa magani? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, malama. Aikin kwamfuta a nan tankaɗe da rairaya ne. Wasu cututtukan daji suna tasowa ne saboda wani furotin ya lalace yana ta tunzura ƙwayoyin jiki su hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, don haka abin da ake nema shi ne sinadarin da zai shige wani gurbi a jikin furotin ɗin ya toshe shi, tamkar mabuɗin da ya karye a cikin kwaɗo. Idan aka san siffar gurbin, sai a ɗora ta a kwamfuta, ita kuma ta dinga gwada miliyoyin sinadarai, tana juya kowanne ta ga ko zai zauna daram, sannan ta ba shi maki. 'Yan kaɗan da suka yi zarra ne ake kai wa ɗakin gwaji.

Sanin siffar shi ne ginshiƙi. Furotin ɗin KRAS, ɗaya daga cikin masu tunzura ƙwayoyin jiki idan sun lalace, ya shafe kusan shekara talatin yana gagarar masana, har ana ganin ba shi da inda magani zai kama, sai a 2013 ayarin masanin kimiyya Kevan Shokat a Amurka ya gano wani ɓoyayyen gurbi a wani nau'insa. A kan wannan gurbi aka ƙera maganin sotorasib, wanda aka amince da shi a 2021 domin wani nau'in dajin huhu. Manhajar AlphaFold kuwa, wadda masu ƙirƙirarta suka samu kyautar Nobel a 2024, ta yi hasashen siffofin furotin sama da miliyan 200.

Sai dai a ganina ana zuzuta abin fiye da kima. Sinadari yakan ci maki a allo amma ya kasa narkewa a jiki, ko ya illata hanta, shi ya sa dole a gwada shi a kan ƙwayoyin daji da dabbobi, sannan mutane, kuma galibin waɗanda suka kai matakin gwaji a kan mutane a nan suke faɗuwa.