Tambaya da Amsa: Zakin da Yarana Suka Yi wa Dariya

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina ƙarama akwai wani kaset ɗin bidiyo a gidanmu, labarin wasu yara huɗu da suka shiga sif ɗin tufafi suka ɓulla wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, inda akwai zaki mai magana. Na kalle shi har zaren kaset ɗin ya fara cukurkuɗewa. Kwanan baya na same shi a intanet, na tara yarana biyu, mai shekara 10 da mai 7, ina ta zumuɗi. Na yi ta tura shi gaba don in nuna musu zakin. Yana fitowa suka fashe da dariya, wai bakinsa daban maganarsa daban, wai buhu ne aka cusa wa mutane. Wallahi Anti raina ya sosu. Ni ma da na duba sai na ga abin ba kamar yadda nake tunawa ba. Shin ƙuruciya ce ta ruɗe ni? Ko in haƙura in nemo musu sabon fim ɗin da aka yi daga baya? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi, don ni ma wannan zakin ya taɓa hana ni barci.

Abin da kika kalla shiri ne na gidan talabijin na BBC, wanda aka nuna a Birtaniya kashi shida, kowace Lahadi da yamma, daga Nuwamba zuwa Disamba na 1988. An ɗauko shi daga littafin C. S. Lewis mai suna The Lion, the Witch and the Wardrobe, wato Zaki da Mayya da Sif, wanda ya fito a 1950, na farko cikin littattafai bakwai na ƙasar Narnia. Alan Seymour ne ya mayar da shi wasan kwaikwayo, Marilyn Fox ta ba da umarni.

Ni a Kaduna na fara ganinsa, ina da shekara 12, a ɗakin wata maƙwabciyarmu da ƙaninta ya naɗo mata shi daga Landan. Mu tara ne a kan tabarma ɗaya. An kai daidai wurin da mayyar ta sa aka ɗaure zakin a kan Teburin Dutse, aka aske masa geza, ta ɗaga wuƙa ta soke shi, sai aka ɗauke wuta. Muka watse. Na kwana da yaƙinin cewa zakin, Aslan, ya mutu ke nan, na yi ta kuka a ƙarƙashin zane don kada Inna ta ji ta tambaye ni. Sai washegari bayan la'asar na ga ɓeraye suna gwaguye igiyoyin, teburin ya tsage, zakin ya tashi.

Saboda wasiƙarki na sake kallonsa makon jiya daga farko har ƙarshe, tare da autata mai shekara 8. Zan gaya miki abin da na gani ba tare da kara ba.

Yaranki ba su yi ƙarya ba. Zakin mutum biyu ne a cikinsa, ɗaya na gaba ɗaya na baya, na'ura ce ke motsa fuskarsa, kuma muƙamuƙin nan buɗewa da rufewa kawai ya iya, ba ya bin muryar Ronald Pickup da ke magana a madadinsa. Ga miji da matan nan, dabbobin ruwa masu datse rafi da itace da ake kira biba. A zahiri ba manyan dabbobi ba ne, amma a nan manyan mutane ne aka zura wa riga mai gashi kamar tulu, fuskarsu a waje, suna tafiya da ƙyar cikin ƙanƙara. Abin da ya fi damuna shi ne halittun da kuɗi bai isa a ƙera su ba, su doki mai fukafukai da dodannin mayyar. Zana su aka yi da hannu kamar katun, aka liƙa a kan hoton mutane na gaske, ana yaƙi yara suna kai wa iska sara. Wurin da zakin ya goya 'yan mata biyun cikin yaran, Susan da Lucy, ya tashi sama da su ma, ko a wancan zamanin ana ganin ɗinkin. A littafin gudu ya yi da su, da an bar shi a haka da ya fi. Ita kuma Barbara Kellerman da ta fito a Farar Mayya, ihunta ya yi yawa, har yakan rage mata kwarjini.

To amma ƙuruciya ba ta ruɗe ki ba. Kuskuren yana wurin tura shi gaba da kika yi. Ke ba ki fara da ganin zakin ba. Sai da kika daɗe kina jin sunansa a bakin waɗanda ke raɗa shi cikin tsoro da bege kafin ya bayyana, lokacin nan zuciyarki ta riga ta ƙera nata zakin, na allo tsayawa kawai ya yi a gurbinsa. Su kuwa yaranki kin ɗauke su kin dire gaban buhu, ba su san Lucy ba, ba su san abin da wanta Edmund ya aikata ba, kika ce su ji tsoro.

Autata ma ta yi wa biba dariya har da riƙe ciki. Amma tun kafin nan labarin ya riga ya kama ta, kuma na ga inda ya kama ta. Lucy ta ratsa rigunan sanyi ta fito daji, ta tarar da turken fitila yana ci shi kaɗai a tsakiyar itatuwa. Ta haɗu da Tumnus, rabinsa mutum rabinsa akuya, ya gayyace ta shan shayi a kogonsa. An zauna bakin murhu, an ci an sha, ya busa mata sarewa har barci ya sace ta. Tana farkawa sai ta ga baligin mutum yana kuka, yana faɗa mata da bakinsa cewa shi ɗan aiken mayya ne, an sa shi duk ɗan Adam da ya gani ya kai mata. Yarinyar nan ta zaro hankicinta ta miƙa masa. A nan autata ta matso ta kama gefen zanena ta ce, "Mama, zai kai ta?" Babu wata dabarar kwamfuta a wurin. Mutum biyu ne da ɗan ɗaki da wuta. Kuma hankicin nan ba a manta da shi ba, shi biba ya fito da shi daga baya ya zama shaidar cewa Tumnus ne ya aiko shi. Yarinyata ta gane shi kafin a faɗa.

Wannan shi ne arzikin shirin: bai yi rowar lokaci ba. Kowane kashi wajen rabin awa ne, kuma Seymour ya bar maganganun littafin kusan yadda suke. Ki saurari tsohon Farfesan nan mai gidan da yaran suka sauka, wanda Michael Aldridge ya fito a matsayinsa, lokacin da manyan yaran suka je masa da damuwar cewa ƙanwarsu ta zautu. Ya ce musu abu uku ne, ko ƙarya take yi, ko ta haukace, ko gaskiya take faɗa, tunda kuwa sun san ba maƙaryaciya ba ce kuma ga ta da hankalinta, sai su ɗauka gaskiya ce. Ban san wani shirin yara na yau da zai tsaya ya bar dattijo ya koya wa yara auna magana haka ba tare da gaggawa ba. Ƙanƙarar ma ta gaske ce, a tsaunukan Sikotland kusa da Aviemore aka ɗauka, kina ganin hucin bakin yaran. Kiɗan buɗewa na Geoffrey Burgon kuwa, ina jin sautin ƙahon nan sai da tsigar jikina ta tashi, na koma kan tabarmar Kaduna.

Akwai abin da sai yanzu da na girma na fahimta. A da haushin Edmund nake ji, yaron da ya sayar da 'yan'uwansa saboda alawa. Alawar Turkiyya ce, lukum, wadda ake yi da sitaci da sukari da ruwan fure, irin wadda masu zuwa Istanbul saro kaya ke kawo tsaraba. Amma yaran nan yaƙin duniya na biyu ne ya raba su da uwarsu, aka kwashe su daga Landan zuwa ƙauye saboda ruwan bama-bamai, kamar yadda aka yi wa ɗimbin yaran Birtaniya tun daga Satumban 1939. Lewis kansa ya karɓi wasu 'yan mata a gidansa da ke Oxford. Kuma lokacin da littafin ya fito, alawa da kati ake sayar da ita a ƙasar, ba a sake ta gaba ɗaya ba sai 1953. Yaro mai kewar gida, wanda wansa ke yi wa tsawa kullum, ya samu wata babba ta lulluɓe shi da mayafinta cikin sanyi, ta ba shi abin sha mai zafi da akwatin alawa, ta ce za ta naɗa shi sarki. Wannan karon tausayinsa na ji.

Fim ɗin 2005 da Andrew Adamson ya yi a Niyu Zilan, wanda aka kashe wa kusan dala miliyan 180, kyakkyawa ne, kuma Tilda Swinton ta fi iya mayya nesa ba kusa ba, don ita da sanyin murya take tsoratarwa. Ki nuna musu, amma daga baya. Yaƙin da littafin ya gama a 'yan shafuka shi fim ɗin ya mayar gagarumin abu, idan suka fara da shi ba za su iya zaman shayin Tumnus na 1988 ba.

Ki sake gwadawa. Kashi ɗaya a dare, bayan isha'i, a ajiye waya, kada ki taɓa madannin turawa. In suka yi dariya ki bar su, ki ce su gaya miki yadda su za su ɗinka rigar biba. Idan kashin ya ƙare suka ce a sa na gaba, ki ce sai gobe.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Na ji ana cewa labarin Narnia wa'azin Kiristanci ne aka lulluɓe da tatsuniya, ga kuma tsafi a ciki. 'Yata ta samo littafin a laburaren makarantarsu. In bar ta ta karanta ta kuma kalla? Daga wani uba a Maraɗi.

Amsa: Malam, barka kadai, kuma na ji daɗin yadda ka tambaya kafin ka yanke. Abin da ka ji yana da tushe. Lewis, wanda aka haifa a Belfast a 1898 ya rasu a 1963, malamin adabi ne a Oxford, daga baya Cambridge. Ya bar addini yana saurayi, ya dawo Kiristanci a 1931, ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu kare shi da alƙalami, kuma bai ɓoye cewa Aslan yana tsaye ne a matsayin Almasihu yadda Kiristoci suka ɗauke shi ba. Zakin ya ba da ransa fansar mai laifi, sannan ya tashi bayan mutuwa. Kirista yana gani zai gane labarin gicciye, abin da mu Musulmi ba mu yarda ya faru ga Annabi Isa, alaihis salam, ba. Akwai kuma zuwan tsohon nan mai rabon kyautar Kirsimeti, wanda shi ne alamar cewa sanyin shekara ɗari na mayyar ya fara karyewa.

A cikin labarin kansa babu coci, babu ambaton sunan Annabi Isa, babu kira zuwa wani addini. Mu tara da muka kalla a Kaduna babu wanda ya hango komai sai zaki mai jinƙai. Sihirin mayyar kuwa a matsayin mugunta aka nuna shi, tana mayar da bayin Allah duwatsu.

Hukunci na malamai ne, kai kuma ka fi kowa sanin 'yarka. Abin da ni na yi shi ne, da muka gama na gaya wa autata cewa marubucin Kirista ne, ga abin da yake nufi da mutuwar zakin, ga abin da Alƙur'ani ya koya mana. Ta saurara, ta yi tambaya biyu, ta koma maganar Edmund. Na fi son ta ji daga bakina da ta tsinta a waje.

Inda zan ce ka sa ido sosai shi ne wasu littattafai biyu na can gaba a jerin, The Horse and His Boy da The Last Battle. A cikinsu akwai mutanen wata ƙasar kudu da ake kira Calormen, masu duhun fata da rawani da lanƙwasassun takubba, masu bautar wani gunki, kuma galibi su ne azzalumai. An daɗe ana sukar Lewis a kan wannan siffa, ni ma ta ɓata mini rai da na karanta. BBC ba ta yi waɗannan biyun ba. In 'yarka ta kai gare su, ka riga ta karantawa.

Tambaya: Anti, bayan na zakin akwai ci gaba? Wanne ya fi? Daga wata ɗaliba a Kumasi.

Amsa: Akwai, 'yata. Littattafai huɗu BBC ta yi cikin bakwai, kashi 18 gaba ɗaya. A 1989 ta haɗa biyu a zango ɗaya: Prince Caspian, wanda aka matse a kashi biyu kacal har labarin ya shaƙe, da The Voyage of the Dawn Treader, tafiyar jirgin ruwa a kashi huɗu, inda Warwick Davis ya fito a ɓeran nan mai takobi, Reepicheep.

Nawa gwanin shi ne na ƙarshe, The Silver Chair na 1990, saboda Tom Baker. Ya fito a Puddleglum, wani dogon mazaunin fadama wanda kullum mummunan zato yake yi, in rana ta fito ya ce ruwa na tafe. Amma da wata matsafiya ta tsare shi da abokan tafiyarsa a ƙarƙashin ƙasa, ta turara musu hayaƙi tana lallashinsu har suka fara yarda cewa babu rana babu sama, mafarki suka yi, shi ne ya tunkari wutar ya kashe ta da jikinsa, zafin ƙunar ya dawo masa da hankali, ya ce ko da duniyar tasu ƙirƙira ce shi ya zaɓe ta a kan wannan ramin. Matsafiyar ma Barbara Kellerman ce, kuma a wurin lallashin nan ta sassauta murya. Ki fara da na 1988 don ki san ƙasar, sannan ki nemi wannan.