Amsa kan tasirin binciken Landsteiner a ƙarin jini

Malam, ka tambaya ko binciken Karl Landsteiner ya sauya aikin ƙarin jini, kuma hakika ya sauya shi tun daga tushe. A 1901, a Ostiriya, ya lura cewa ƙwayoyin jinin wani mutum kan dunƙule idan suka gamu da ruwan jinin wani, abin da ya bayyana rukunan jini na A, B da O, kafin abokan aikinsa su gano AB a 1902. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1930. A ganina, aikinsa da Alexander Wiener kan Rh (wani sinadari da ke jikin jajayen ƙwayoyin jinin yawancin mutane) a 1940 bai gaza wancan ba, domin ya taimaka wajen fahimtar cutar da ke lalata jinin jariri idan nasa ya saɓa da na mahaifiyarsa.