Jini zai iya nuna ko afendis ɗin yaro ya fashe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 7 ya kwana yana ciwon ciki da amai, gari na wayewa muka kai shi asibiti. Da aka ɗibi jini, sai aka ce fararen ƙwayoyin jininsa sun hau, amma wani gwaji wai shi CRP bai hau ba. Aka kwantar da mu, da daddare aka sake gwajin, sakamako na fitowa aka shiga da shi tiyata. Afendis ne, ɗan guntun hanjin nan da ke gefen dama na mara, ya kumbura amma bai fashe ba, yanzu ya warke. Ta yaya jini ke nuna tsananin ciwon? Kuma in ƙanwarsa mai shekara 4 ta yi ciwon ciki, zan iya kai ta ɗakin gwaji kai tsaye in huta da zullumi?
Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma sannu da jinya. Likitocin da suka riƙe ku suka maimaita gwajin sun yi abin da ya dace, kuma dalilin yana cikin bambancin gwaje-gwajen nan biyu.

Fararen ƙwayoyin jini su ne masu fitowa da wuri. Cikin 'yan sa'o'i da fara kumburi adadinsu kan haura 10,000, musamman nau'in da ake kira niyutirofil. Shi kuwa CRP sinadari ne da ke ƙaruwa a jini in akwai kumburi, hanta ce ke yin sa, kuma ba ta gaggawa: sai bayan sa'a 6 zuwa 12 yake fara tashi, ba ya kai ƙololuwa sai wajen kwana biyu. Saboda haka CRP ɗin da aka gani ƙasa da safe bai wanke ɗanki ba, lokacinsa ne bai yi ba. Ni kam in aka miƙo mini takardar gwaji, kafin in kalli lambobin sai na tambayi uwa: da ƙarfe nawa ciwon ya fara? Lamba ɗaya ma'anarta daban a sa'a ta 8, daban a sa'a ta 40.

A nan ne jini ke da amfani wajen auna tsanani. Yaron da ya kwana biyu yana ciwo, zazzaɓi ya yi zafi, CRP ya yi sama sosai, mukan zargi afendis ɗin ya ruɓe, ko ya fashe, ko mugunya ta taru. Raguwar sinadarin gishiri, wato sodiyam, a jini ma takan tafi tare da fashewa. Wannan zargin yana sauya shiri: a fara ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta masu ƙarfi kafin tiyata, a yi hoton ciki a nemi mugunya, a sanar da iyaye cewa zaman asibiti zai ɗan yi tsawo. Amma babu wata lamba guda da za a ce daga nan ya fashe, ƙasa da nan bai fashe ba. Ciwon maƙogwaro, ciwon huhu, ciwon mafitsara, duk suna ɗaga waɗannan lambobi. Akan kuma samu yaro da afendis alhali jininsa bai nuna komai ba.

Akwai ma'aunin gano ciwon afendis a yara da wani likitan tiyatar yara, Madan Samuel, ya fitar a 2002, mai maki 10. Duba yadda ya raba makin: gwajin jini maki 2 kacal ya samu. Sauran 8 daga jikin yaron ne da labarin ciwon: ciwon da ya faro daga cibiya ya gangara gefen dama na mara, ƙin abinci, amai, zazzaɓi, zafi in an danna wurin, da zafi in ya yi tari ko tsalle. Nakan ce wa yaro ya yi mini tsalle da ƙafa ɗaya. Mai afendis yakan dafe damansa ya girgiza kai, ko ka ga tun shigowarsa a sunkuye yake tafiya, yana jan ƙafa a hankali. Wannan ba ya fitowa a takarda.

Shi ya sa amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a, kuma shekarun ƙanwar ne suka fi sa ni dagewa. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba su iya faɗin inda ke musu ciwo ba, sau da yawa da gudawa abin ke zuwa musu a ɗauka ciwon ciki ne na yau da kullum, ga shi kitsen nan da ke lulluɓe hanji ya tsare mugunya wuri ɗaya bai gama ƙwari ba a jikinsu. Da yawansu sai ya riga ya fashe ake ganewa. Wani lokaci ma yana fashewa sai ciwon ya lafa na ɗan lokaci, iyaye su ce an samu sauƙi, can sai ciki ya ƙame, yaro ya galabaita.

In ciwon cikinta ya wuce 'yan sa'o'i yana ƙaruwa, ko ta ƙi abinci, ko ta ƙi yarda a taɓa cikin, ki kai ta inda likita zai sa hannu ya duba. Kada a ba ta maganin wankin ciki, kuma ki riƙe lokacin da ciwon ya fara, domin za a tambaye ki.