Don Allah kar ki ce masa alawa ce

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, ke da kika ce yaronki ɗan shekara huɗu tofar da sirof yake yi, an ba ki shawarar komawa ƙwayar taunawa, kina tambaya ko akwai matsala. Wallahi ina karantawa sai na ga kamar ni ce na rubuta. Nawa ma haka yake, sai mun danne shi mu biyu, rabi a ciki rabi a riga, wani lokacin ya amayar da duka, ki tsaya ba ki san ki ƙara ba ko ki bari.

Shi nawa asma gare shi. Da sanyi ya shigo likita ya ɗora shi a kan montelukast mai miligiram 4, ƙwaya ɗaya kullum da yamma. 'Yar ƙarama ce ruwan hoda, mai zaƙi. Ranar farko ya taune ya ce a ƙara masa. Na ce alhamdulillah, na huta da kokawa da awon cokali. Ko a mota muke ba na neman ruwa, kuma ba ruwana da firiji, kin dai san halin wutarmu da sirof ɗin da ake kwaɓawa ya ƙare aiki cikin mako ɗaya ko biyu.

Kuskurena ɗaya ne, da bakina na dinga cewa "zo ka sha alawarka".

Wata ranar Juma'a muka je gidan surukaina, na ajiye jaka a ɗaki na shiga kicin taya aiki. Yaron ya buɗe jakar a gaban facalata, tana zaune tana danna waya, ta gan shi yana ɓare katin maganin. Da na shigo na tarar da ramuka tara babu komai a ciki. Na ce ina kike? Ta ce ai ta ji ni ina cewa alawa ce, ta ɗauka bitamin C ne irin na yara. Ko a jikinta. Jikina ya hau rawa, ƙafata ta kasa ɗaukata. Sai ga ta kuma da ludayin manja wai a ɗura masa, ta zura masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Na fizge ɗana na fita ko takalmi ban tsaya nema ba. A Adaidaita yana ta cewa Mama cikina, Mama ruwa, ni kuwa sai salati. Likitan da ya duba shi ya ce na kyauta da ban bari an ɗura masa manjan ba, don yaro na iya shaƙar sa ya shiga huhu, aman dole ma haɗari ne. Muka kwana a asibiti ana lura da shi, ya yi ta barci da ƙishirwa, da safe aka sallame mu. Ya ce min da farasitamol ne ko maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ya cinye haka, da labarin ya sha bamban, don farasitamol hanta yake taɓawa kuma yaro na iya zama garau a ranar farko.

Kin san me ya fi min ciwo? Har yau matar nan ba ta ce min sannu ba. Sai ma ta zagaya dangi da cewa ni ce sakarai mai yawo da magani a jaka. Uwar mijina ma ta ɗauka ta zauna a kai. Na bar su da Allah, amma ban ƙara kai yarana gidan ba sai ina zaune a kansu.

To ki karɓa, yana da amfani sosai, amma ki ce masa magani ne, ki kulle a durowa ta sama. Kuma ki tsaya a kansa ya taune tas, ya bi da ruwa, ya kuskure baki musamman da dare, don sukarin da ke cikin wasu ƙwayoyin da tsamin masu bitamin C suna cin haƙori. Au, ba ki faɗi ko yana da ƙani ba. In ana rabon maganin tsutsar ciki, albendazole ɗin nan mai 400, kar ki miƙa wa ɗan ƙasa da shekara uku ya tauna da kansa, ƙwayar tana da girma, zai iya ƙwarewa. Ki murƙushe a cokali da ɗan ruwa, kuma kar a ɗura masa yana kuka.

Wani abu kuma, ba kowace ƙwaya ake taunawa ba. Mahaifiyata da ta ga jikanta yana tauna nasa, sai ta fara taune maganinta na hawan jini, nifedipine mai sakin kansa a hankali, wai ya fi saurin aiki. Jiri ya dinga ɗibarta sai da muka gano. Duk wanda aka rubuta SR ko retard a kwalinsa, wato mai sakin kansa a hankali, haɗiye shi ake yi. Zinc na gudawa kuma narkar da shi ake a ruwa ko nono. Ni kaina ina tauna na ƙwannafi, ɗanɗanon alli ne zalla, kuma sai na ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da maganin ƙarin jini, in ba haka ba yana hana shi shiga jiki.

Ki bar su a cikin katinsu har lokacin sha, da damina danshi suke ja su yi laushi. Kuɗinsu ma wani lokacin ya fi na sirof, ki tambaya kafin ki saya.

Wane magani ne ma aka ce ki canza masa, likita ne ya ce ko mai kyamis? Don ba kowanne ke da na taunawa ba, kuma awon ba lallai ya zo ɗaya da na sirof ɗin ba. Allah ya ba shi lafiya.