Kafin ka ɗauko bokiti, tona gindin

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin ka samu gurbin karatun gandun daji a nan Sikotilan. Allah ya sanya albarka. Ka tambaye ni ko shekarun da ka yi kana rainon dashen darbejiya da mangwaro a gida za su yi maka amfani a nan, ko kuwa sai ka koma farko. Za su yi maka amfani ƙwarai, amma akwai wurin da sabo zai ja ka ya kai ka ga kuskure, kamar yadda ya kai ni da wata 'yar bishiya a bayan gidana a Gilasgo.

Sunanta rowan, wasu kuma su ce mountain ash, a littafi Sorbus aucuparia. Za ka gane ta da wuri, don ganyenta jere yake bibbiyu a kan tsinke kamar na darbejiya. Tana fure fari a watan Mayu, ta zubo 'ya'ya jajaye a gungu wajen ƙarshen Agusta, tsuntsaye su yi ta wawa. Tsofaffin mutanen nan sukan dasa ta kusa da ƙofa don tsoron mayu, har yau wasu ba sa yarda a sare ta. Sunan nan na biyu, mountain ash, yana ruɗar mutane. Ba ta da dangantaka da itacen ash na ainihi, danginta su ne tuffa da fure mai ƙaya na wardi. Saboda haka cutar nan da aka fara ganowa a Birtaniya a 2012, wadda take ta kashe itatuwan ash, ba ta kama rowan. Cututtukan tuffa ne suke kama ta.

Tawa shekara biyu da dasawa, sai na ga a watan Yuni ganyen ya fito ƙanana, ya yi rawaya-rawaya, yana zuba. Ni kuwa ɗan Arewa, abu uku na sani suna kashe dashe: ƙishirwa, gara da akuya. Gara ba ta cikin lissafi a nan, akuya kuma babu. Sai na ce ƙishirwa ce, na shiga ba ta ruwa safe da yamma. Kullum sai ƙara lalacewa take yi, abin ya dame ni sosai.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi rayuwarsa yana aikin lambu, shi ya leƙo ta kan shinge ya ce in ajiye bokitin in kawo ƙaramin shebur. Da muka tona, ramin cike yake da ruwa kamar an girke tukunya. Ƙasar wurin yumɓu ce, ga shi Gilasgo tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kuma ba a wata huɗu yake sauka ya wuce kamar daminarmu ba, duk shekara ake yi, babu rana mai ƙarfin da za ta busar da ƙasa. Ƙananan saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laushi, suna tsami. Saiwa tana buƙatar iska, in ta nutse ta ruɓe ba za ta iya jan ruwa ba, sai ganye ya yi yaushi tamkar na bishiyar da ta ga fari. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda ya dasa ta ya zurfafa, ya binne wuyan bishiyar, wato inda gangar jiki ke buɗewa ta zama saiwa, wajen faɗin tafin hannu a ƙarƙashin ƙasa. Wurin nan dole ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Ga kuma igiyar da aka ɗaure ta da turke ta ci ɓawo ta shige ciki.

Tun daga ranar, daga ƙasa nake fara duba bishiya. In cusa yatsa in ji damshi, in duba wuyan, in zagaya gindin ko injin yankan ciyawa ya fere ɓawo, ko zomo ya gwaguye shi, don in ɓawo ya cire zagaye guda bishiyar ta tafi. Kada kuma ka ɗauka ƙishirwa ba ta kisa a nan. A Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila, kuma rowan bishiyar sanyi da tuddai ce, sabon dashe yana son ban ruwa mai zurfi in an yi kwanaki babu ruwa.

Sai an wanke ƙasa da gindi daga zargi sannan a koma ga cuta. Wadda aka fi tsoro ta bakteriya ce, Erwinia amylovora, da ta bayyana a yankin Kent na Ingila a 1957. Fure da toho su yi baƙi kamar wuta ta laso su, ganye ya bushe amma ya ƙi faɗuwa, kan reshen ya lanƙwashe kamar ƙugiya. In ka ɗan kankare ɓawo za ka ga ja-ja a ciki. Ba ta da maganin feshi. Shawarar ƙungiyar masu lambu ta RHS ita ce a yanke ƙaramin reshe santimita 30 ƙasa da inda cutar ta tsaya, babba kuma 60, a goge almakashi da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane yanka, a ƙone abin da aka yanke. In kuwa ka ɗaga ɓawon gindi ka ga farin shimfiɗa kamar takarda mai warin naman kaza, Armillaria ce, wani naman kaza mai ruɓar da saiwa, sai dai a tumɓuke har kututture.

Za ka iso a Satumba, bayan wata biyu da zuwanka za ka ga rowan ta yi tsirara. Ba mutuwa ta yi ba. Yadda gawo ke zubar da ganye da damina, haka ita take yi da sanyi. Kankara reshe da farce, in ka ga kore tana da rai.

Maganar aikin lambu da ka ce kana son yi don rage kuɗin haya, bizar ɗalibi ta digiri ta yarda da awa 20 a mako lokacin karatu, amma a ƙarƙashin mai ɗaukar aiki. Ba ta yarda ka riƙa bin gidaje kana aiki da kanka ana biyanka a hannu ba. Don Allah ka kiyaye wannan.

Tawa dai na jira Nuwamba da ta yi barci, na haƙo ta, na yanke ruɓaɓɓun saiwoyi, na tara ƙasa na yi ɗan tudu na mayar da ita a kai, na sassauta igiyar. Shekarar farko ko fure ba ta yi ba. Bana ta ba da gungu kaɗan. In ka iso ka zo gida ka ci tuwo, sai in nuna maka tabon igiyar, har yanzu yana nan. Ka gaida su Baba da Inna.