Hukuncin ɓoye aibin waya da rubuta "kaya ba ya dawowa" a rasit

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina sayar da wayoyi na hannu. Wata wayar na san an canja mata sikirin, wata ta taɓa faɗawa ruwa. Idan mai saye bai tambaya ba sai in yi shiru, in ce ya duba da kyau, kuma a rasit ɗina an rubuta "kaya idan ya fita ba ya dawowa". Ni ma dilolin da nake saro wa haka suke yi mini. Ina da laifi, alhali ban yi ƙarya ba?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Wannan shirun haramun ne, domin ha'inci ba sai an buɗe baki ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya wuce ta wurin tsibin abinci, ya sa hannunsa a ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce: "Wanda ya yi ha'inci ba ya tare da ni." Ka lura, mutumin nan bai faɗi ƙarya ba, ɓoyewa kawai ya yi.

Allah ya shar'anta a Suratun Nisa'i, aya ta 29, cewa ciniki ya kasance bisa yardar juna. Wanda ya biya kuɗin waya lafiyayya, da lafiyayya ya yarda, bai yarda da wadda za ta mutu a hannunsa bayan sati biyu ba. Ibn Abi Zaid ya kafa ma'auni a Risala: bai halatta mutum ya ɓoye abin da, in ya faɗa, mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi. To, ka tambayi kanka, da ka ce ta sha ruwa, zai biya wannan farashin? Shirunka shi ya ci maka wannan bambancin, kuma kuɗin ba naka ba ne.

"Ka duba da kyau" ba ta wadatar. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, sun ce wanda ya san aibi dole ya bayyana shi, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule magana. Ina wanda ya zo daga ƙauye da kuɗin da ya tara zai gane abin da ke cikin injin waya? Aibin da ke fili, kamar tsagewar da kowa ke gani, wannan daban.

Rubutun rasit kuwa yana da amfani a wuri ɗaya: idan kayan lafiya lau ne, mai saye ya canja ra'ayi kawai, ba dole ka karɓa ba, ko da yake karɓar tana da lada. Amma aibin da ka sani ka ɓoye, rubutu ba ya wanke ka. Mai saye yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar maka ka ba shi kuɗinsa cif.

Batun diloli, haƙƙinka yana kansu, ka koma musu. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito: "Kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka." Ina ga wanda bai yi maka komai ba?

Na san tsoronka raguwar riba ne, kuma kasuwa ta yi wuya. Ba a ce ka faɗi nawa ka saro ba, ba a hana ka sayar da mai aibi ba. Ka faɗi aibin, ka rubuta shi a rasit, ka sa farashinta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Hakim bin Hizam cewa masu ciniki in sun yi gaskiya sun bayyana, za a sa albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sun yi ƙarya, za a shafe ta.

Abin da ya wuce, ka tuba, ka nemi waɗanda kake da lambarsu, ka ba su zaɓin mayarwa, ko ku daidaita a kan bambancin kuɗin, ko su yafe. Waɗanda ka nema ka rasa, ka ƙiyasta haƙƙinsu ka yi sadaka da shi a madadinsu, in sun bayyana daga baya ba su yarda da sadakar ba, ka biya su.

Allah ne mafi sani.