Ɗana ba ya ja a aji: in cire shi in kai shi gareji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 14, yana aji uku na ƙaramar sakandare a nan Tudun Wadan Zariya. Sakamakonsa ba daɗi, kullum yana can ƙasa-ƙasa a aji. Amma a gida ba abin da ya bari, fanka, tocila, caja, duk sai ya kwance, wani ya gyara, wani ya ƙarasa. Ƙanin mahaifinsa, wanda ke riƙe da mu tun rasuwar babansa, ya ce da ya gama jarrabawar aji uku a kai shi gareji, tunda ba shi da kan boko, a daina asarar kuɗi. Wallahi abin ya hana ni barci. Ina tsoron in cire shi ya tashi yana kallon sa'o'insa sun wuce shi, ina kuma tsoron in bar shi ya gama sakandare ba karatu ba sana'a. Wace hanya ce ta dace da yaro irin wannan? Daga wata uwa, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan mahaifinsa, Ya saka wa baffansa da alheri kan riƙon zumunci. Ki kwantar da hankalinki, lokaci bai ƙure ba. Amma kada a cire shi. A ƙara masa sana'a a kan karatu, kada a yi musaya.

Hanyoyin da ke gaban yaron da ya rubuta BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ba su da yawa. Ko ya wuce babbar sakandare yana zuwa shago da yamma da ranakun hutu, ko ya shiga kwalejin fasaha, wato makarantar koyon sana'a mai matakin babbar sakandare, ya yi shekara uku ya rubuta NABTEB, jarrabawar kammala irin waɗannan makarantu. Takardar shaidar da zai fito da ita, wadda ake kira NTC, ana karɓarta a JAMB kamar WAEC da NECO, muddin darussan da ya ci sun dace da kwas ɗin da yake nema. Jihar Kaduna na da irin waɗannan kwalejoji, akwai ta Soba nan kusa da mu, akwai ta Malali a Kaduna, ta gwamnatin tarayya kuma tana Kafanchan. Yaro mai son waya da batir irin naki, ni wannan hanyar nake hango masa.

To, bari in zauna a kan kalmar nan ta "ba shi da kan boko", don ita ce ke ci min tuwo a ƙwarya. Da wuya mako ya wuce ban ji ta ba, daga iyaye, daga kawunnai, har daga malamai, kuma na malamai ya fi ciwo. Mun ɗauka sana'ar hannu juji ce da ake zubar da yaran da aji ya ƙi. Mai ƙoƙari a yi masa fatan likita, wanda ya zo na arba'in a ce a kai shi wajen mai walda. Wa ya gaya mana walda ba ta son ƙwaƙwalwa?

Ga misali daga aikin da ɗanki yake so. A ce an kira shi ya haɗa sola a wani gida, inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta soket, mai wat 1000 a kan batir mai bolt 12. In ya san rabawa, zai raba 1000 da 12 ya ga wutar da za ta bi ta wayar da ke tsakanin batir da inbata ta haura amfiya 80, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Wannan nauyin dai, a ɓangaren soket mai bolt 230, kaɗan ya ɗara amfiya 4. Kin ga bambancin? Wanda bai san wannan lissafin ba sai ya ɗauko 'yar siririyar wayar da ya saba ja wa ƙwan fitila ya ɗaura a kan batir. Na taɓa shiga wani gida a Samaru aka nuna min irin wannan aikin: robar wayar ta narke ta manne da katakon da aka ɗora batir, bango ya yi baƙi har kusa da silin, ɗakin yara kuma yana jikin bangon. Wanda ya yi aikin ba mugu ba ne, yaro ne mai ladabi, hannunsa da tsafta, ya jera wayoyin kamar zane. Abu ɗaya ya rasa, lissafin aji biyu na ƙaramar sakandare, saboda wani ya yanke hukunci cewa ba shi da kan boko aka cire shi.

Garejin ma da baffansa yake magana, ba garejin da ya sani ba ne. Da, bakanike kunne yake sawa ya saurari injin Fijo ya gane ciwonta. Motar yanzu na'ura ake jona mata ta fito da lamba da bayani cikin Turanci. Wanda ya iya karantawa shi ke karɓar kuɗin, wanda bai iya ba shi ke kwanciya ƙarƙashin mota yana kwance noti. Ki je PZ a nan Zariya ki tsaya wajen masu gyaran waya, za ki ga waɗanda suka yi fice suna bin zanen da'irar waya a kwamfuta suna auna layi ɗaya-ɗaya. Hatta masu ɗinkin hannu na cikin birni, waɗanda aska takwas ɗinsu ta kai sunan Zazzau nesa, ƙirgen zare suke yi da auna tazara. Ba sana'ar da daƙiƙi ke shahara a cikinta.

Kuma ma wa ya tabbatar yaron nan daƙiƙi ne? Yaron da zai kwance fanka ya mayar da ita ta juya yana riƙe da tsari a kansa, ya san me ya fara fita, me zai fara komawa. Kafin a yanke masa hukunci, ki zaunar da shi ya karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi. Yara da yawa da ake kira daƙiƙai karatu ne bai zauna musu ba tun firamare, aka yi ta tura su gaba. Wasu allo ne ba sa gani daga bayan aji, ba wanda ya taɓa gwada idonsu. Waɗannan duk suna da magani, kuma maganin ba gareji ba ne.

Laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, ai manufarsa ke nan, yaro ya taɓa zarto da guduma da waya a ƙaramar sakandare kafin ya zaɓi hanya. An shigo da injuna daga ƙasashen waje, da yawa suka tsufa cikin akwatunansu, ba wuta, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya iya tayar da su. Ni da kaina na koyar a wata makaranta inda muke zana injin yankan katako a allo alhali na gaske yana kulle a sito, makulli yana hannun wanda ya yi ritaya. Daga baya aka kawo darussan sana'a 34 a babbar sakandare, nan ma mafi yawa a takarda suka ƙare. Yanzu manhajar 2025 ta rage su zuwa shida: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. Tsari ne mai kyau. Amma ki tambayi makarantarsa ko suna da faifan sola ko guda ɗaya da yara za su taɓa, amsar da za su ba ki ita ce gaskiyar manhajar.

Sai 'yan damfara. Duk wanda ya ce zai koya wa ɗanki sola ko gyaran waya cikin mako biyu ya ba shi satifiket mai zanen zinare, kuɗinki yake so. Takardun da ke da daraja sanannu ne: ta NABTEB, gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai matakai uku, da takardar ƙwarewa ta NSQ da ke ƙarƙashin hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda hedikwatarta ma tana nan Kaduna. Ki tambayi mai cibiya wacce daga ciki yaro zai samu. In ya fara kame-kame, ki ɗauki jakarki.

Ga abin da nake so ki yi kafin jarrabawa. Mu a Zariya ba mu da uzurin cewa yaro bai ga hanya ba. A nemi wani babba ya zagaya da shi: Kwalejin Nuhu Bamalli, cibiyar fasahar fata ta Samaru, cibiyar fasahar sufuri da ke hanyar Basawa, kwalejin jiragen sama da ke nan tun 1964, inda ba tuƙi kaɗai ake koya ba, har da gyaran jirgi. Ya ga manya sanye da rigar aiki, sifana a hannu, kuma duk sai da takardar sakandare suka shiga. Gani ya kori ji, abin da zai gani a yini ɗaya ya fi nasihar wata guda.

Sa'an nan a samo masa maigida na kirki, mai wayarin ko mai sola, ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi da lokacin hutu. Ku je da baffansa, ku yi magana a fili kan abin da za a koya masa da lokacin tashi. Dokar ƙwadago ta ƙasa ma ta tanadi cewa koyon sana'ar yaro ɗan shekara 12 zuwa 16 ya kasance da rubutacciyar yarjejeniya, kuma kada ya wuce shekara biyar, ko da yake kusan ba mai bi. Bayan wata uku ki tambaye shi abin da ya iya. In har amsar ita ce sayo wa oga shayi da wanke kwano, a canza shago. Ki kuma lura da su wa yake zama, don wasu wuraren ba sana'a kaɗai ake koya ba.

Game da baffansa, kada ki ja da shi, damuwarsa ta kuɗi gaskiya ce, shi ya san nauyin da ke kansa. Ki ce masa kin yarda da maganarsa ta sana'a, roƙonki kawai a bi ta kwalejin fasaha, yaro ya fito da hannu da takarda. In da hali ku tafi Soba tare ranar da ake karatu, ku ce a buɗe muku ɗakin aikin lantarki, ku ga ko injunan na tashi, ku tambayi lokacin da ake sayar da fom.